Ruwa da Inuwarsa a Cikin Zane: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Katsina

Na daɗe ina koyar da zane a wata makarantar sakandare a cikin birnin Katsina. Duk shekara idan muka zo kan zanen shimfiɗar ƙasa, wato zanen fili da itatuwa da duwatsu da sararin sama, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke dawowa. Wasu daga ɗalibai suke, wasu daga iyayensu, wasu kuma daga abokan sana'a masu rubuta allon shaguna da masu yi wa manyan motoci ado. Mafi yawansu a kan ruwa suke. Ga su nan na tattara, na amsa da abin da na karanta da kuma abin da idona ya gani.

Malam, me ya sa masu zane ba sa gajiya da ruwa? Kusan duk zanen daji da na gani sai da kogi ko tafki a ciki.

Dalili na farko na sana'a ne. Idan ka raba takardarka biyu, sama da ƙasa, za ka ga haske duk ya taru a sama, ƙasa kuwa ta yi nauyi ta yi duhu. Da zarar ka sa ruwa a ƙasan, ka buɗe wa sama ƙofar saukowa ke nan. Gajimaren da ke can bisa sai ga shi kwance a gindin kuka. In kuma rafi ne mai lanƙwasa, shi zai riƙe idon mai kallo ya ja shi daga bakin takarda har can inda ƙasa ta haɗu da sama. Sinawa ma da suka shafe fiye da shekara dubu suna irin wannan zane, sunan da suka sa masa a harshensu shi ne "dutse da ruwa".

Dalili na biyu ba sai an yi wa mutumin Arewa dogon bayani ba. Wanda yake yin wata bakwai bai ga ɗigon ruwan sama ba, wanda ya taɓa bin sahu a filin Idi ana roƙon ruwa, ya san abin da ruwa ke nufi tun kafin ya riƙe fensir. Allah Maɗaukaki ya faɗa a Suratul Anbiya, aya ta 30, cewa daga ruwa ya sanya duk wani abu mai rai.

Ku saurari ma yadda muke kiran launi: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, ruwan ƙasa, ruwan zuma. A bakin Bahaushe launi kansa ruwa ne. Ina faɗa wa ɗalibaina haka a ranar farko, domin su san ba baƙon abu suka zo koya ba.

Mene ne bambancin inuwar da rana ke yi da wadda ake gani a cikin ruwa? Ai duk inuwa muke ce musu.

Haka ne, kalma ɗaya muke amfani da ita, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe. Inuwar rana tana gudun rana: da safe tana yamma, da yamma tana gabas, kuma duhu ce kawai, ba ta ɗauke da launin abin da ya yi ta. Inuwar ruwa kuwa ba ruwanta da inda rana take. Kullum tana sauka ne kai tsaye a ƙarƙashin abin, ta nufo mai kallo, da launinsa da komai.

Gwada da kanka. Tsaya a bakin tafki inda akwai giginya a ƙetare, ka yi tafiya a hankali ta gefe. Inuwar rana tana nan inda take. Ta cikin ruwa kuwa sai ta yi ta juyawa tana bin ka, kanta na nuna ƙafarka duk inda ka tsaya. A ruwa mai laka irin namu za ka iya ganin duka biyun a lokaci guda, domin laka tana karɓar inuwar rana kamar yadda ƙasa ke karɓa. Ruwa garai-garai mai zurfi ba ya nuna ta sosai.

To mece ce ma'anar inuwar ruwa a zane? Ko ado ne kawai?

A nan zan ɗan daɗe, don ita ce tambayar da ta fi damuna.

Al'ummu da yawa sun ɗauki inuwar ruwa a matsayin gargaɗi. Girkawa na dā suna da labarin wani saurayi, Narsisas, da ya ga fuskarsa a tafki ya kasa ɗauke ido har ya halaka a wurin. Wani masanin gini da zane na Italiya, Alberti, a littafin da ya rubuta kan zane a 1435, ya ce wannan saurayi shi ne mafarin masu zane, domin aikinsu duka ƙoƙarin kama abin da ke bisa fuskar ruwa ne. Mu ma tun muna yara mun ji labarin karen da ya ga inuwarsa a rafi, ya zaci wani kare ne da nama mafi girma, ya buɗe baki nasa ya faɗa ruwa. Abin da ake gani a ruwa yana kama da gaskiya sak, amma ka miƙa hannu ka taɓa, sai ya wargaje. Kuma Alƙur'ani, a Suratul Kahfi aya ta 45, ya buga misalin rayuwar duniya da ruwan sama da ya sauka, tsiro ya yi kore shar, sannan ya bushe iska ta sheƙe shi. Mai zanen da ya sa gida mai kyau a bakin ruwa, ya sa inuwarsa tana rawa a ƙasa, yana iya faɗar wannan magana ba tare da ya rubuta harafi ɗaya ba.

Amma mu nan muna da wata ma'ana da ban ga wanda ya fi mu haƙƙi da ita ba, kuma a kududdufi take. Kakanninmu ba su sayi bulo ba. Inda za su yi gini, nan kusa suke haƙar ƙasa, su kwaɓa, su mulmula tubali, su shanya, su ɗora. Soraye da zaure da katanga, har ganuwar da ta kewaye gari, duk daga ƙasa suka fito, ramin da aka bari a baya shi ne kududdufi. Idan damina ta sauka ya cika. Je ka tsaya a bakinsa bayan sallar Asuba cikin watan Agusta, kafin iska ta tashi. Za ka ga katangar nan da zankayenta a kife cikin ruwa, daidai cikin ramin da aka ɗebo ta. Gida ya koma inda ya fito, yana nan tsaye kuma bai rushe ba. Ranar da na fara lura da wannan na daɗe a wurin ban zana komai ba, ayar da ke cewa daga ƙasa aka halicce mu, cikinta za a mayar da mu, ita ce ta yi ta zo mini a rai.

Wannan hoto yana ɓacewa. Kududdufai da yawa an cike su da shara an yi gini a kai, gidajen ƙasa kuma siminti na cinye su. Wanda zai zana, yanzu ne lokacinsa.

Amma Malam, kududdufi ai ƙazanta ce: leda, sauro, wari. Wa zai rataya wannan a ɗakinsa?

Ban ce ka ɓoye ledar ba. Zana ta. Baƙar leda da ta maƙale a kainuwa, kusa da farin gajimaren da ya faɗo cikin ruwa, ita ce gaskiyar unguwarmu a yau, kuma mai unguwar da ya ga wannan zane zai ji abin da wasiƙar koke ba za ta sa ya ji ba.

Game da ƙanƙantar wuri kuwa, ga labarin wani Bafaranshe, Klod Mone, wanda ake rubuta sunansa Claude Monet. Ya koma wani ƙauye da ake kira Jibarni a 1883. A 1893 ya sayi ɗan fili kusa da gidansa, ya janyo ruwa daga wani ƙaramin rafi, ya haƙa tafki ya shuka bado. Maƙwabtansa manoma har ƙorafi suka yi, suna tsoron baƙin tsirrai za su ɓata ruwan da dabbobinsu ke sha. Wannan ɗan tafki ya yi ta zanawa har ya rasu a 1926, zane kusan 250. A na ƙarshe-ƙarshen ya daina nuna gaɓa, ya daina nuna sama, sai fuskar ruwa kawai, da bado a bisa, da gajimare da rassan itace a kife a ciki. Manyan cikinsu suna wani gidan ajiye zane a birnin Paris da aka buɗe wa jama'a a 1927, sun kewaye bangon ɗakuna biyu.

Bado dai shi ne badon da yaranmu ke shiga tafki su ciro. Abin da ya bambanta Mone da mu shi ne ya zauna ya duba, safe da yamma, shekara kusan 30.

Wane launi ne ruwa? Ni shuɗi nake sawa kullum.

Kusan kowane yaro haka yake farawa, saboda littattafan firamare haka suka nuna masa. Wata shekara, cikin marka, na fita da 'yan aji ɗaya zuwa wani tafki da ke bayan makaranta. Kowa ya riga ya fito da shuɗin fentinsa. Na ce a ajiye, a yi shiru, a duba ruwan na minti 5. Can sai wata yarinya ta ce, "Malam, nan gabana ruwan ƙasa ne, kamar kunun kanwa." Na ce ta ɗaga ido zuwa tsakiya. Ta ce, "Can kuma toka-toka ne." Na ce ƙetare fa? Ta yi jim, sannan ta ce da ƙarfi, "Malam, can fari ne, har ya fi saman haske a idona, ga bedi a ciki kansa ƙasa!" Tun daga ranar ban ƙara ganin ta shafe takarda da shuɗi ba.

Abin da ta gani yana da dalili. Idan ka dubi ruwa kai tsaye daga sama, kashi 2 cikin 100 kacal na haske yake maido maka, sauran ya shige ciki, don haka abin da kake gani launin ruwan ne da lakarsa. Amma idan ka hango shi daga nesa, idonka ya kusa kwantawa da fuskarsa, sai ya zama madubi, ya maido kusan komai. Saboda haka tafki ɗaya yana da launin ƙasa a kusa, launin sama a nesa. Yadda haske ke dukan madubi ya dawo, wani malami Musulmi, Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, ya yi dogon bincike a kai kimanin shekara 1000 da suka wuce, a littafinsa Kitabul Manazir.

Ni uba ne. Ɗana yana son zane, ni kuma ina jin tsoron abin da addini ya ce kan masu yin hoto.

Alhaji, tsoronka a kan hanya yake, kuma ni ba malamin fatawa ba ne. Abin da na sani shi ne hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito: wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce sana'arsa yin hotuna ce. Ɗan Abbas ya gargaɗe shi da abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sannan ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Zanen shimfiɗar ƙasa a wannan fili yake kiwo: ruwa, dutse, itace, gini, gajimare.

Musulmin farko ma sun yi. Babban Masallacin Dimashƙa, wanda Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya gina aka kammala wajen shekarar 715, a bangon farfajiyarsa akwai hoton kogi yana gudana, da dogayen itatuwa da gidaje a gaɓarsa, an yi shi da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi da ruwan zinariya. Babu mutum ko dabba ko ɗaya a ciki. Har yau yana nan.

Idan yaron ya kai ga son sa mutane ko shanu a bakin ruwa, ku je tare wurin malamin da kuka amince da shi.

Ban da wannan masallaci, ina kuma Musulmi suka yi amfani da inuwar ruwa?

A gini suka fi nuna gwanintarsu. A fadar Alhamra da ke Garnada, ƙasar Andalus, akwai wata farfajiya ta ƙarni na 14 mai dogon kwarmin ruwa, tsawonsa ya haura mita 30. An yi shi ne yadda ruwan zai shigo a hankali ba tare da ya motsa fuskarsa ba, don hasumiyar da ke gabansa ta fito cikakkiya a ciki. Taj Mahal na Indiya, da aka fara ginawa a 1632, shi ma dogon ruwa ne shimfiɗe a gabansa, lambunsa kuma an raba shi huɗu da magudanai, ana tuna ƙoramun Aljanna huɗu da aka ambata a Suratu Muhammad, aya ta 15.

Ina kuma son ɗalibaina su riƙe ƙissar Bilƙisu a Suratun Namli, aya ta 44. An ce ta shiga fadar Annabi Sulaimanu, ta ga daɓen ta zaci ruwa ne mai zurfi har ta ɗage tufafinta, aka ce mata gilashi ne. A nan take ta gane idonta na iya ruɗinta, ta miƙa wuya ga Allah. Ban san wani wuri da ya fi wannan nuna alaƙar ruwa da madubi da gaskiya ba.

Mu namu ginin na ƙasa ne, ba a ajiye masa ruwa a gindi. Amma bayan ruwan sama mai ƙarfi, ka je wajen Hasumiyar Gobarau ko Ƙofar Soro ka nemi ɗan ruwan da ya kwanta a hanya, ka durƙusa. Ruwan da bai fi faɗin tabarma ba yana iya ɗaukar ginin gaba ɗaya.

Ni ɗan Daura ne. Ina son in zana Rijiyar Kusugu, amma ruwan rijiya ba ya ganuwa. Yaya zan yi?

Rashin ganuwar shi ne zanen naka. Ka san labarin fiye da ni: baƙo, Bayajidda, ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi, ya kashe macijin, Magajiya Daurama ta aure shi. Masana tarihi suna da bahasinsu kan Bayajidda, amma abin da labarin ke faɗa a fili yake: gari yana da ruwa a ƙarƙashinsa, mutanensa kuma suna kwana da ƙishi. Wanda ya buɗe rijiya shi ya samu sarauta.

Yawancin waɗanda suka gwada zana wannan labari, maciji da takobi suke sawa a tsakiya. Da ni ne, tuluna zan jera, wofi, tun daga bakin takarda har bakin rijiya, da guga a kife, da igiya a naɗe ta bushe. Ba mutum ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa bin layin ruwa zai gane cewa yau ba Juma'a ba ce.

Kusugu yanzu an kewaye ta da gini, don haka in kana son ka ga yadda rijiya ke kama sama, nemi wadda ke fili. A gidan kakata akwai irinta. Idan ka leƙa da tsakar rana, duhu ne zagaye, can ƙasa sai wani ɗan farin faifai yana rawa, da baƙin kanka a gefensa. Ka saki guga, faifan ya farfashe, ka jira ya sake haɗuwa. Tafki yana nuna maka gari, rijiya kuwa kai kaɗai take nuna wa kanka. Baƙin gawayi da farar takarda sun ishe ka wannan aiki.

Shin ruwa mai kwanciya yana nufin salama, mai hauka kuma bala'i?

Sau da yawa haka ne, amma kada ka mai da shi doka. Ruwan da ya fi kwanciya a unguwa shi ne ya fi cin yara, iyaye mata sun san haka.

Zanen ruwa mai hauka da ya fi shahara a duniya na wani Bajapane ne, Hokusai, wanda ya yi shi wajen 1831 yana da shekara kusan 70: igiyar teku ta miƙe kamar farce za ta rufta wa jiragen masunta uku, Dutsen Fuji kuma, duk girmansa, ya koma ɗan ƙarami a can baya. Kafin shi da ƙarnuka, wani Basine, Ma Yuwan, ya zana ruwa iri 12 a kan alharini, na kogi daban, na tafki daban, na teku daban, kusan da layi kawai.

Mu ba mu da teku, amma mun san ambaliya. Wadda ta auka wa Jibiya cikin dare a watan Yulin 2018 ta ci rayuka da dama, ta tafi da gidaje da dabbobi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wanda zai zana irin wannan, ya yi da ladabi. Layin laka da ruwa ya bari a bangon ɗaki, sama da tsayin taga, ya isa.

Ɗana ya zana mini magangarar ruwa da duwatsu masu ƙanƙara, na rataye a falo. Wani ya ce kwaikwayo ne. Laifi ne?

Hajiya, ba laifi, Allah ya yi masa albarka. Irin wannan hoto yana bayan motocin ɗaukar kaya, yana bangon masu ɗaukar hoto, yana kalandar shaguna, kuma na fahimci dalili. Mutumin da zafin Afrilu ya dafa, idonsa sanyi yake nema. A ƙarƙashin wannan sha'awa kuma akwai gidajen da aka yi mana alkawari, waɗanda ƙoramu ke gudana a ƙarƙashinsu.

Roƙona ɗaya ne. Na gaba, ki ce ya je ya zano miki wurin da ƙafarsa ta taka: madatsar ruwa ta Ajiwa, ko Zobe ta wajen Dutsin-ma, ko Sabke da Daberam in ta Daura kuke. In magangara yake so, akwai Gurara a Jihar Neja, akwai Matsirga kusa da Kafanchan. Hoton da ya kwafa, wani ne ya riga ya gani ya zaɓa masa. Wanda zai zano da idonsa, za ki ga bambanci ko daga ƙofar falo.

A aikace, yaya ake zana inuwar ruwa ta fito daidai?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zana itace, a juya takarda, a sake zana shi sak a ƙasa. Ruwa ba haka yake gani ba. Shi daga ƙasa yake kallon abu, kamar wanda ya kwanta rigingine. Shi ya sa a cikin ruwa kana ganin cikin rumfa da ƙarƙashin gada, abin da ba ka gani daga inda kake tsaye. Abin da ke daf da gaɓa yana fitowa da tsawonsa cikakke. Wanda ke can baya, kansa kawai zai leƙo, ko ya ɓace ɗungum. Auna daga inda gindin abu zai taɓa fuskar ruwa, ka sauke wannan tsawo ƙasa a miƙe.

Sai launi. Farin bango a cikin ruwa yana ɗan dusashewa, baƙin kututture kuma yana ɗan yin haske. Kada ka sa fari fat ko baƙi ƙirin a ruwa. Idan iska ta ɗan kaɗa, inuwa tana miƙewa ta yi tsawo, gefenta ya yi zara-zara. Fitilar bakin titi da dare, bisa kwalta mai jiƙe, za ta nuna maka haka: ɗigo ɗaya a sama, doguwar sanda a ƙasa. Ja burushinka daga sama zuwa ƙasa don inuwar, sannan ka ratsa ta da 'yan layuka a kwance, ƙanana a nesa, manya a kusa.

Ka kuma san itatuwanka. Na sha ganin an zana gawo da ganye luf-luf a bakin tafki cike da ruwan damina. Gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore. Manomi na ganin wannan zane zai san ba ka je wurin ba.

Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya. Kada ka je kai kaɗai, kada ka shiga ruwan, akwai tsargiya, akwai rami.

Ruwan da ake hangowa a kan kwalta da rana, shi ma inuwa ce?

Kawalwalniya ke nan. A hanyar Katsina zuwa Daura cikin bazara za ka gan ta shimfiɗe a gaba, har da inuwar motar da ke tahowa a ciki, kana matsowa tana ja da baya. Iskar da ke daf da kwalta ta fi ta sama zafi, sai ta lanƙwasa hasken sama ta turo shi idonka. Sama kake gani a ƙasa. Suratun Nur, aya ta 39, ta buga misali da ita: mai ƙishirwa yana zaton ruwa ne, sai ya iso bai tarar da komai ba. Har yanzu ina jiran ɗalibin da zai zana ta yadda ya kamata.

Ba ni da kuɗin fenti. Da me zan fara?

Da gawayin murhu da bayan kwali. In kana son launi, ɗebo lakar tafkin da kake zanawa, ka jiƙa, ka tace da ƙyalle, ka zuba ɗan ƙaro da aka narkar don ta kama takarda. Ka samu ruwan ƙasa wanda babu kantin da ke sayar da irinsa. Jar ƙasa da farar ƙasa haka ake yi musu. Tawadar allo ta ba ka baƙi, bula ta ba ka shuɗin sama, lalle ya ba ka ja mai duhu. Zoɓo yana da kyau ranar farko, amma yana koɗewa.

Da waya fa? Hoto ma ai zane ne.

Ka'idar ɗaya ce. Sauke wayar har ta kusa taɓa ruwan, ka riƙe ta da kyau. Amma ka zana ko sau ɗaya kafin ka ɗauka, domin waya tana gamawa kafin ido ya fara gani.

Idan rani ya yi ruwan ya ƙafe, sai mu jira wata damina?

A'a, aikin da nake ba 'yan ajin ƙarshe ma ke nan: tafki ɗaya, daga wuri ɗaya, sau huɗu a shekara. Da damina yana cike, ga kainuwa, ga mazari, ga kukan kwaɗi. Da kaka ya ja baya, ya bar laka mai sheƙi da sawun shanu, balbelu na tsaye a gefe. Da hunturu hazo ya rufe sama, ruwan da ya rage ya koma ruwan toka, inuwa ta dushe, rana a ciki kamar farin faranti, kana iya kallonta ido da ido. Da bazara sai ƙasa ta tsattsage kamar fasasshen kasko, kowa na duban gabas ko shamuwa ta iso.

Bara wani yaro ya kawo mini na bazara. Bai zana tsagewar ƙasa ba kamar sauran. Bangon ramin ya zana, da layukan da ruwa ya bari a jikinsa yayin da yake sauka, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ya ƙirga guda 9. A kan na can sama ya sa wata busasshiyar kainuwa da ta maƙale a saiwar bedi, sama da kan mutum in yana tsaye a cikin ramin. Na tambaye shi ina ruwan. Ya ɗora yatsa a kan kainuwar ya ce, "Malam, nan ya kai."